Aikin mataimakin likitan barci a ɗakin tiyata: abin da za ka koya da yadda ake yin sa

Mutum uku ake yawan gani a wajen kan majinyaci a ɗakin tiyata, jama'a kuma sukan haɗa su duka su ce masu allurar barci. Akwai likitan barci, wanda ya gama karatun likita sannan ya ƙware a wannan fanni. Akwai nas ɗin da ya ƙaro horo na musamman a ƙarƙashin Hukumar Nas-nas da Ungozomomi ta Najeriya. Na ukun shi ne tekinishan, mataimakin da inji da kayan aiki da teburin magunguna ke hannunsa. Ba shi ke zaɓen maganin da za a ba majinyaci ba, ba shi ke yanke yawansa ba. Abin da ke wuyansa shi ne duk abin da likita zai miƙa hannu ya ɗauka ya kasance yana nan, yana aiki, da na biyunsa a kusa. Mafi yawan wannan aiki ana gama shi tun kafin a turo gadon majinyaci.

Makarantun da ke horar da tekinishan galibi a ƙarƙashin asibitocin koyarwa suke, kuma abin da aka saba nema shi ne kiredit 5 a jarrabawar WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Kafin ka biya kuɗin fom, namiji ne kai ko mace, ka tambayi abu biyu: wace hukuma ce ta amince da takardar da za su ba ka, kuma wata nawa za ka yi a cikin ɗakin tiyata da kanka. Makarantar da ba ta da amsa a kan na biyun, allo kawai za ta koya maka. A aji za a ɗora ka a kan tsarin hanyar numfashi da zuciya, halayen iskar gas, magunguna, tsabtace kaya da farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya. Ƙwarewar hannu kuwa sai a wurare irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, ko Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha. Ka riƙe littafi kana rubuta kowane aiki da ka tsaya a kai, babba ya sa maka hannu.

Oksijin tukuna

Da ka shiga da safe, kafin ka taɓa inji, ka nemo jakar Ambu, wato jakar numfashin da ke cika kanta da iska, ka matsa ta ka tabbatar bawul ɗinta na aiki, ka rataye ta inda hannu zai kai. Ita kaɗai ce ba ta buƙatar wuta ko silinda.

Ƙaramar silindar da ake maƙalawa a bayan inji, mai girman E, idan ta cika agogonta na nuna matsin kusan bar 137 (bar shi ne ma'aunin matsin gas), a cikinta kuma akwai lita 680. Ke nan kowane bar ɗaya lita 5 ne. Idan allurar agogo na kan 60, saura lita 300. Ana shan lita 4 a minti, minti 75 ke gare ka. Wannan lissafi ya zauna maka a ka. Sai dai injinan hura numfashi da yawa da oksijin suke tuƙa kansu, suna cin fiye da abin da majinyaci ke shaƙa. In bututun bango ya yanke aka koma kan silinda, a kashe injin hurawa a koma matsa jaka da hannu. Kuma kada a fara aiki da silindar da ta yi ƙasa da rabi alhali babu cikakkiya a ɗakin.

Wajen sauya silinda, ka ɗan buɗe ta daƙiƙa guda ta furzar da ƙurar da ke bakinta kafin ka ɗaura. Ka duba 'yar zoben robar da ke tsakanin baki da mazauni. In ta tsage za ka ji iska na shewa, kuma ba a rubanya biyu don a toshe. Maiko da oksijin mai matsi ba sa haɗuwa, wuta suke tayarwa. Lokacin hunturu da kowa ke shafe da basilin, ka wanke hannu kafin ka taɓa bawul.

Launi ba abin dogaro ba ne shi kaɗai. Silindar oksijin da aka saba da ita a nan baƙa ce mai farar kafaɗa, amma wadda ta zo daga Amurka koriya ce. Ka karanta rubutun jiki. Ta naitiros, iskar da ke rage zafi tana taimaka wa barci, shuɗiya ce, kuma agogonta na yaudara: ruwa ne a ciki, saboda haka allura ba ta sauka sai ruwan ya ƙare, daga nan ta faɗi da sauri. Da nauyi ake sanin abin da ya rage. Ramukan da ke wuyan silinda an yi su ne don ta oksijin kada ta hau mazaunin naitiros. Duk wanda ya fige fil ɗin mazauni don silinda ta shiga, ya cire katangar ƙarshe ke nan.

Asibitocin ƙananan hukumomi da yawa sun dogara da injin tace oksijin daga iskar ɗaki, mai ba da lita 5 ko 10 a minti, da tsabtar kashi 90 zuwa 95 cikin 100. Ƙura ce ajalinsa. Soson da ke bayansa ana wanke shi duk mako, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar, amma daga Disamba zuwa Fabrairu mako ya yi nisa, sai ana dubawa kullum. A janye shi daga bango kamar santimita 30, kada a murɗa shi ya wuce iyakarsa, don yawan lita na ƙaruwa tsabta na raguwa. In wuta ta ɗauke shi ma ya tsaya, shi ya sa silinda ba ta barin ɗakin.

Duba inji

A bi tsari ɗaya kullum, don wanda ke tsallake-tsallake shi ke mantuwa. Kunna inji, zare fulogi ka ga ko batir ya ɗauka, ka mayar. In akwai bututun bango, ka ɗan fizgi kowane tiyo ka ji ya kama, agogo ya nuna kusan bar 4. Buɗe kowane ma'aunin kwararar gas ka ga ɗan ƙwallon ciki ya hau sumul; wanda ya maƙale saboda datti ƙarya zai riƙa faɗa maka. Sai gwajin da bai kamata a bari ba: buɗe oksijin da naitiros tare, ka yanke oksijin daga tushe. Dole ƙararrawa ta yi kuka, naitiros kuma ya faɗi da kansa. In bai faɗi ba, wannan inji ba ya aiki yau, ko wa ya matsa. Na'urar auna oksijin ta nuna 21 a iskar ɗaki, ta kusanci 100 a oksijin zalla.

Tukwanen da ke mayar da maganin barci tururi kowace da maganinta da launinta: halotan ja, aisofuloren shunayya, sebofuloren rawaya. Ba a zuba wani a tukunyar wani. Ka ga ta zauna daram a mazauninta, murfin zubawa a rufe, ruwan yana tsakanin layuka biyu. In aka karkata ta wajen ɗauka, maganin zai malala inda bai kamata ba ya fito da ƙarfin da zai iya tsayar da zuciya. A zubar da na ciki, a bi ta da oksijin kamar yadda littafinta ya ce kafin a sa wa mutum. Halotan na barin wani sinadari mai danƙo da ke sa maburgin ya riƙa cijewa, don haka ana juye tsohon da ya yi launi a zuba sabo. Ga kuma zafi. Yawancin tukwanen nan iyakar da aka yi musu digiri 35 zuwa 40 ce, Sakkwato kuwa a Afrilu da Mayu tana haura 40. Ranar da na'urar sanyaya ɗaki ta mutu, abin da ke fita zai iya fin lambar da aka murɗa, sai ka gaya wa likita tun da wuri.

Gwajin yoyo: rufe bawul ɗin sakin iska, toshe bakin tiyon da ke zuwa ga majinyaci, danna maɓallin oksijin har agogo ya kai santimita 30 na ruwa, ka saki. Ya tsaya a nan daƙiƙa 10. In yana sauka, ka fara da gwangwanin tsakuwar soda da numfashin majinyaci ke bi ta ciki, don tsakuwa ɗaya a kan bakin robarsa ta isa ta hana shi rufuwa. Sai jaka, sai mahaɗan tiyo. Da ka gama, ka buɗe bawul ɗin. Barinsa a rufe na iya kumbura huhun majinyaci har ya fashe.

Tsakuwar soda ita ke shanye gurɓatacciyar iskar da majinyaci ya fitar. Wadda aka fi samu fara ce, tana komawa shunayya idan ta gaji. Abin lura, in ta kwana takan sake yin fari alhali ta riga ta mutu, saboda haka da yamma ake yanke hukunci a kanta, a rubuta ranar sauyi a jikin gwangwani. Kada a bar oksijin na bi ta cikinta dare ko ƙarshen mako: in ta bushe ƙayau tana haɗuwa da maganin barci ta haifar da iska mai guba.

Na ƙarshe injin zuƙe majina. Lanƙwashe tiyo ka ga allura ta kai kusan 500 cikin daƙiƙa 10, ka cusa bakinsa ƙarƙashin matashi ta hannun dama. Inda wuta ba ta da tabbas, a ajiye na takawa da ƙafa.

Tiren hanyar iska

Fitilar duba maƙogwaro guda biyu, dukansu an gwada, da batir na ajiya. Harshe mai lanƙwasa lamba 3 da 4 na manya, miƙaƙƙe lamba 0 da 1 na jarirai. Haske mai ja-ja ko mai kyaftawa ba haske ba ne. Bututun maƙogwaro: mace 7.0 ko 7.5, namiji 7.5 ko 8.0, kullum da ƙaramin da ke biye a gefe. Na yaro ana raba shekarunsa gida 4 a ƙara 4, in mai balan-balan ne (wanda ake hurawa ya toshe gefen maƙogwaro) a ƙara 3.5, ɗan shekara 6 ke nan 5.5 ko 5.0. Zurfinsa a leɓe, rabin shekaru a ƙara 12. Manya kuwa kusan santimita 21 ga mace, 23 ga namiji. Hura balan-balan ɗin kowane bututu ka gani kafin a buƙace shi. Bayan an sa, matsinsa ya tsaya tsakanin santimita 20 da 30 na ruwa: in ya gaza amai zai sulale huhu, in ya zarce zai ci bangon maƙogwaro.

Sai sandar jagora mai laushi, robar danne harshe da ake aunawa daga haƙoran gaba zuwa kusurwar muƙamuƙi, abin rufe fuska girma biyu, da bututun da ke zama a saman maƙogwaro: lamba 3 ga mai kilo 30 zuwa 50, lamba 4 ga mai 50 zuwa 70, lamba 5 ga wanda ya haura haka.

Sakkwato na da darasin da ba kowane gari ke da shi ba. Asibitin Noma da ke cikin birni, wanda aka buɗe a 1999, yana karɓar yaran da cutar noma, mai cinye naman baki, ta ci musu fuska, da yawansu kuma muƙamuƙi ya ɗaure, baki ba ya buɗuwa ko yatsa ya shiga. A nan fitilar yau da kullum ba ta da amfani. Ta hanci ake bi da siririn madubi mai lanƙwasa, kayan huda maƙogwaro ta wuya kuma suna buɗe a kan tebur. Wanda ya sami damar zaman koyo a can kada ya bari ta wuce shi. Irin wannan shiri ake yi wa mai maƙoƙo babba, da wanda wuta ta ƙone wa wuya.

Magunguna

Dokar farko: sirinjin da ba rubutu a jikinsa na kwandon shara ne, ko kai ka ja shi minti biyu da suka wuce. Karanta kwalba kafin ka fasa, ja maganin, rubuta suna da ƙarfi, ka sake karanta kwalbar kafin ka yar. Ɗaya bayan ɗaya. Takardun liƙawa na duniya suna da launi: rawaya na sa barci, ja na saki jiki, shuɗi na kashe zafi mai ƙarfi, shunayya na ɗaga hawan jini, kore na su atirofin, ruwan toka na kashe wuri.

Sirki kuma lissafi ne da ba ya karɓar kusan. Efedirin, mai ɗaga hawan jini, miligiram 30 a cika shi zuwa mililita (mil) 10, kowane mil na da 3. Adirenalin miligiram 1 a cika zuwa mil 10, kowane mil na da maikirogiram 100. Tayofentan miligiram 500 a mil 20, kowane mil 25. Ketamin yakan zo da ƙarfi daban-daban, 10 ko 50 ko 100 a mil, kada ka ɗauka na yau irin na jiya ne. Firofofol, farin nan mai kama da madara, ƙwayoyin cuta na son sa; in an ja shi a sirinji ya yi awa 6, a zubar.

Suksametoniyom da atirakuriyom, masu saki jiki, da oksitosin, mai tsuke mahaifa, a firij suke zama, digiri 2 zuwa 8. A zafin garin nan, wanda aka bari a kan tebur ko a firijin da ke kwana ba wuta ƙarfinsa na raguwa a hankali, ba kuma za a gane ba sai ranar da aka yi allura jiki ya ƙi saki ko mahaifa ta ƙi tsukewa. A sa ma'aunin zafi a firij, a rubuta abin da ya nuna safe da yamma.

Tiyatar haihuwa ita za ka fi yawan tsayawa a kai, galibi da allurar kashin baya. A shirya maganin kashe wurin, wato bufibaken mai nauyi na kashi 0.5, siririyar allura lamba 25 ko 27, kanula mai faɗi (koriya 18 ko mai ruwan toka 16) da ruwa yana gudu, efedirin a sirke, da abin tokare ƙugu don a karkata mai ciki hagu kamar digiri 15. Kayan barci gaba ɗaya su ma a shirye, don allurar baya takan ƙi ci ko ta hau sama ta kama numfashi. Wani haɗari da ya ci rayuka a ƙasashe da dama, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kansa a 2022, shi ne kwalbar tiranekzamik, maganin tsayar da jini, da ke kama da ta bufibaken. In ya shiga kashin baya, farfaɗiya ce da mutuwa. Kada su taɓa zama a tire ɗaya, kuma ka karanta sunan da ƙarfi likita na ji kafin ya ja.

Idan majinyaci ya iso

Ka gaishe shi, ka tambayi sunansa daga bakinsa. Tambayar azumi tana son dabara. In ka ce "Baba, ka ci abinci?" zai ce a'a, da gaskiyarsa, don kunu kawai ya sha. Ka ce, "Baba, mene ne na ƙarshe da ya shiga bakinka, kuma ƙarfe nawa?" Kunu, koko, fura da shayi mai madara duk abinci ne, awa 6 suke nema. Nonon uwa awa 4, ruwa zalla awa 2. Ga mace ka ce, "Inna, akwai haƙorin Makka ko na roba?" A cire zobe, awarwaro da duk wani ƙarfe saboda injin ƙona jijiya. Kitson da ya taru a ƙeya yana hana kai kwanciya yadda ake so, a gyara shi tun tana farke.

Na'urar yatsa mai auna oksijin ita ake fara sawa, ita ake cirewa a ƙarshe, sautinta a buɗe. Baƙin lalle, jan farce, sanyin hannu da hasken fitilar tiyata duk suna rikita ta. A koma wani yatsa, ko na ƙafa, ko kunne. Kada a sa ta a hannun da ake awon jini. Ɗamarar awon jini kuma faɗinta ya kai kashi 40 cikin 100 na kewayen damtse; ƙarama tana ƙara lamba, babba tana ragewa. Sai a karanta takardar tantancewa, wato jerin tambayoyin kiyaye lafiyar majinyaci a tiyata, ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta fito a 2008, kafin barci, kafin yanka, da kafin fita.

Lokacin sa barci wurinka hannun daman likita ne, idonka a kan majinyaci. Oksijin minti 3 da abin rufe fuska a manne. In cikinsa ba wofi ba ne za a ce ka danna zoben guringuntsin da ke ƙasa da maƙogwaro: nauyin kilo 1 yana farke, kilo 3 in ya yi barci. Ka koyi wannan a kan sikeli har yatsunka su haddace, kuma ba ka saki sai an ce ka saki. Miƙa bututu ta yadda likita ba zai ɗauke ido ba, hura balan-balan, haɗa tiyo. Shaidar da ta fi kowace ƙarfi cewa bututu na hanyar iska ita ce zanen iskar da ake fitarwa ya riƙa hawa da sauka a allo, numfashi bayan numfashi, lambar na kewayen 35 zuwa 45. In layin a shimfiɗe yake, a ɗauka bututu na hanyar abinci har sai an tabbatar da akasin haka.

In oksijin jinin majinyaci ya fara sauka a na'urar yatsa, kada ka tsaya zargin na'ura. Murɗa oksijin inji zuwa kashi 100, ka bi layi da hannu daga bango zuwa inji, tiyo, mahaɗi, bututu, ƙirji. Sau da yawa mahaɗi ne ya zare a ƙarƙashin zane, ko bututu ya lanƙwashe, ko majina ta toshe shi, ko ya zurma huhun dama. In ba a gano ba, a rabu da inji a koma jakar Ambu da silinda. In zuciya ta tsaya, danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, adirenalin miligiram 1 duk minti 3 zuwa 5 bisa umarnin likita. Ƙaramin ma'aikaci da ya ga matsala ya yi shiru don kunyar manya ya yi laifi. A ɗakin tiyata ana faɗa da murya, a maimaita in ba a ji ba.

Bayan an gama

Cire bututu na da haɗari kamar sa shi, don haka ba a kwashe tire sai majinyaci ya bar ɗakin. Daga nan sai wanki. Harshen fitila a goge shi da buroshi da sabulu tukuna, don jini da majina na kare ƙwayoyin cuta daga kowane magani. In ana jiƙawa a ruwan kilorin na kashi 0.5, bilicin da ke da ƙarfin 3.5 ana sa awo 1 a ruwa awo 6, minti 10 kawai, a ɗauraye, in ba haka ba ƙarfen ya yi tsatsa. Abin da ke jure zafi ya shiga tukunyar turara kaya, digiri 121 na aƙalla minti 15, ko 134 na minti 3. Hannun fitila ma a goge shi, shi aka fi mantawa. Matatar da ke bakin tiyo ta mutum ɗaya ce, musamman da yake tarin fuka bai bar mu ba.

Kai ma ka kare kanka: rigakafin ciwon hanta nau'in B allura 3 ne, ta farko, bayan wata 1, da bayan wata 6. Ba a mayar wa allura murfi da hannu biyu. In ta soke ka, wanke da ruwa da sabulu, ka kai rahoto nan take, don maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki ba ya amfani in an wuce awa 72. Kafin ka miƙa aiki ga na dare, rufe silinda da tukwanen magani, cike gurbin abin da aka yi amfani da shi, ƙirga magungunan da ake kullewa tare da nas ku sa hannu, ka rubuta duk abin da ya lalace a littafi, ka kuma liƙa takarda a jikinsa.